Tashar Aaron da Golmon da Ya Rage

A gefen garin Zuru, kafin a hau hanyar Ribah, akwai wata rumfar kwano inda ake niƙan dawa da masara. Mai injin sunansa Aaron. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ya ɗan haura shekara hamsin, kuma kullum kansa da girarsa fari fat suke da gari, har ba a iya gane inda furfura ta tsaya garin dawa ya ɗauka. Sama da shekara ashirin yana tsaye a gindin injin nan, ƙararsa ta cinye masa rabin ji, saboda haka bai san yadda ake magana a hankali ba. In ya gaishe ka, mutumin da ke gida na uku ne yake fara amsawa. A coci an taɓa roƙonsa ya riƙa yin addu'arsa a zuci.

Ba don niƙa kaɗai aka san shi ba. Aaron yana da tashar rediyo, kuma tashar tana cikin gwangwanin sardin.

Abin ya samo asali ne daga wani tsohon soja na sashen sadarwa da ya kawo niƙan masara. Yana jiran layi, sai ya tsuguna ya zana wa Aaron da yatsa, a kan garin da ya zube a ƙasa, yadda ake haɗa 'yar na'urar da za ta ɗauki murya ta jefa ta cikin rediyo. Sojan ya ɗauki garinsa ya tafi. Aaron ya kife babban kwano a kan zanen, ya hana a share wurin har sai da ya haddace shi. Masu kawo niƙa suka yi ta kewaya kwanon ba su san abin da ke ƙarƙashi ba, wasu ma sun ɗauka asirin kasuwa ne.

Kayan haɗin ba su da yawa. Tiransista ɗaya da 'yan tarkace daga cikin matattun rediyoyi, waɗanda abokinsa Cyprian, mai shagon kayan lantarki a kasuwa, yake tara masa a kwali. Wayar jan ƙarfe da yake naɗewa a jikin biro ya zare biron. Makirufo daga tsohon abin sa wa kunne na wayar hannu. Batir. Dalma kuwa da ƙusa yake narka ta, ya sa ƙusar a garwashi ya riƙe da filaya, don ba ya jiran a kawo wuta.

Ranar da ya fara gwadawa, ya ba matarsa Dinah rediyo ya ce ta shiga madafa ta saurara. Ya rufe kansa a ɗaki ya gaida duniya baki ɗaya. Dinah ta fito ta ce ta ji shi tangaran, ko kalma ɗaya ba ta ɓace ba. Aaron ya yi tsalle, ya sayi lemo ya raba wa maƙwabta. Sai da aka gama sha aka lura babu batir a rediyon. Ta bango ta ji shi.

Daga nan aka gane matsalar gwajin. Sai mai sauraro ya yi nisan da muryar Aaron ta baki ba za ta kai ba, kafin a tabbatar ko na'urar tana aiki. A shekarar farko muryar ta fi na'urar zuwa nesa. Dinah ta sha tafiya da rediyo a kai har bakin rafi, ta dawo ta ce ba ta ji komai ba sai shi.

A hankali abin ya kankama. Ya ɗaura eriya a kan gora, tashar ta fara kaiwa gidajen unguwa. Sai dai ba ta zama wuri ɗaya. In ya kai hannu kusa da gwangwanin, ta matsa. In batir ya yi sanyi, ta matsa. In kaza ta hau teburin, ta ɓace ɗungum. Masu sauraro suka saba da bin ta da yatsa a kan maɓallin rediyo, kamar mai bin ɗan tsako a tsakar gida.

Da yamma in ya kashe inji, yakan buɗe tasha. Yana faɗin wanda niƙansa ya kammala, da wanda akuyarsa ta ɓata, sannan gaishe-gaishe. Kafin ya fara yakan ɗaure hankici a bakin makirufo, ya toshe hanci da yatsa biyu, ya yi ƙoƙarin yin Hausar masu karanta labarai. A zuciyarsa ya tabbata babu wanda ya san shi ne. Mutanen unguwa ba su taɓa ɓata masa wannan ba. Mace za ta kawo niƙa ta ce jiya mutumin rediyo ya gaishe ta, Aaron ya buɗe baki da mamaki ya ce ashe, ita ma ta yi kamar ba ta ga hankicin da ke leƙowa daga aljihunsa ba.

Da an bar shi a nan, da tarihinsa ya ƙare a gaishe-gaishe. Amma Aaron yana da suruki.

Mahaifin Dinah, Sajan Markus, tsohon soja ne da ya haura tamanin, yana zaune a tsallaken rafi. A al'adar mutanensu, saurayi mai neman aure yakan yi wa mahaifin yarinya noma damina bakwai, shi da sa'o'insa. Golmo ke nan. Aaron ya yi shida cif. A damina ta bakwai aka tura Sajan aiki ƙasar waje, marigayiya matarsa ta ce a bar gonar ta huta, a yi biki. Da Sajan ya dawo ya tarar da 'yarsa da goyo. Bai yi faɗa ba. Ya dubi Aaron, ya ɗaga yatsa ɗaya, ya ce saura ɗaya.

Tun daga ranar, duk shekara in ruwan farko ya sauka, Aaron zai je gaisuwa, ya tsuguna, Sajan ya amsa da fara'a, sannan ya ɗaga yatsa. Aaron ya yi masa niƙa kyauta shekara da shekaru. Duk Kirsimeti yana kai zakara. Sajan yakan ci zakaran, ya yaba, ya wanke hannu, ya ɗaga yatsa.

Kowa ya ɗauki abin wasa har bara, lokacin da aka zo neman auren Praise, 'yar autan Aaron, malamar firamare. Saurayin, Istifanus, makanikin babur ne daga wajen Danko. A cikin gari yanzu ba kowa ke yin golmo ba, amma iyayensa masu riƙon al'ada ne, suka ce ɗansu zai yi damina ɗaya a gonar Aaron don girmamawa. Aaron ya ji daɗi har ya sayi kujerar roba mai hannu, don ya riƙa zama a inuwa yana kallon wasu suna sunkuyo.

Sai saƙo ya zo daga tsallaken rafi. Sajan ya ce ranar da iyaye za su zauna a yanke maganar aure, kujerar uba tasa ce. Wanda bai gama golmonsa ba, in ji shi, har yanzu saurayi ne mai neman aure, kuma saurayi ba ya ba da 'ya. Aaron zai iya zuwa, amma a waje zai zauna tare da samari. Praise ta je da kanta ta roƙi kakanta. Ya ce mata ai shi ma kishi yake yi, da ma ita matarsa ce, wani makanike ya zo zai ƙwace. Suka yi dariya, ya ba ta gyaɗa, bai sauya magana ba.

Wannan ya taɓa Aaron sosai. Praise ce kaɗai 'yarsa mace, kuma ya daɗe yana shirya jawabin da zai yi a ranar. Dinah ta ce gonar Baba ai ba ta da girma, ya ɗauki garma ya je ya sauke nauyin a wuce wurin. Ya ce bayansa na ciwo. Ta ce bayan da ke ɗaga buhun masara. Ya yi kamar kunnen da ba ya ji ne ke wajenta.

Shi yana da wata dabara. Ya san Sajan ba ya musu da rediyo. Abin da mutum ya faɗa masa ra'ayi ne, abin da rediyo ya faɗa kuwa umarni ne daga sama. Ko yanzu in za a karanta labarai sai ya gyara zama ya cire hula. Saboda haka Aaron ya ƙara tiransista na biyu, ya haɗa gora biyu ya ɗaga eriya sama da rufin rumfa, ya ciro batirin babur ɗinsa. Ya karɓi rediyon Sajan da sunan zai goge masa ƙura, ya kai maɓallin daidai tasharsa, ya ɗiga masa gam, ya mayar.

Abin da bai lissafa ba shi ne abin da ke tsakani. Daga rumfarsa zuwa gidan Sajan, sai an ratsa gonar shi Aaron ɗin kansa.

Ranar Asabar da hantsi, lokacin da Sajan ke zama a gindin mangwaro da rediyo a cinya, Aaron ya kashe inji, ya ɗaure hankici, ya toshe hanci. Dinah tana tsaye a bakin ƙofa ta harɗe hannu. Ta ba shi shawarar ƙarshe, cewa in lallai sai ya yi, ya ce yafewar golmon da zai sanar ta waɗanda suka haura hamsin ce. Ya ce a'a, hakan zai sa a zarge shi. Gara a haɗa kowa.

"Ga wata sanarwa ta musamman," in ji shi. "Dattawa sun zauna, sun yi shawara, sun yafe duk wani golmo da ya rage a wuyan kowa, babba da yaro, daga yau ɗin nan. Duk wanda ake bi, ya ajiye garma ya tafi gida. Kai, a kore mini akuyar nan daga buhun Kulu. Ƙarshen sanarwa ke nan."

Ya maimaita sau biyu, na biyun babu akuya.

A daidai lokacin Istifanus da abokansa suna tsakiyar huɗa a gonar Aaron, sun rataye rediyo a reshen ɗorawa. Tun safe suke jin mai gonar yana gwaji yana ƙirga ɗaya, biyu, suna nishaɗi da shi. Da sanarwar ta fito suka miƙe, suka dubi juna, suka karkaɗe ƙasa daga garemaninsu.

Aaron bai gama kwance hankicin ba sai ga su a layi a bakin rumfa, kowa da garma a kafaɗa. Suka tsuguna gaba ɗaya.

"Baba, mun ji, mun gode," in ji Istifanus. "Allah ya ƙara girma."

Aaron ya tambaye su me suka ji. Suka ce sanarwarsa. Ya ce shi mai niƙa ne, ina shi ina sanarwa, wannan ai mutumin rediyo ne. Istifanus ya sunkuyar da kai cikin ladabi ya ce to, a isar wa mutumin rediyo da godiyarsu, kuma akuyar ta koma kan buhun Kulu. Suka tashi suka tafi, gona rabi a huɗe, rabi a kwance.

A nan ne Dinah ta gaya masa, cikin tausayi, cewa babu wanda bai san shi ne ba tun ranar farko, har yaran da ba su fara makaranta ba. Aaron ya zauna a kan buhu. Daga baya ya ce wannan ya fi masa ciwo fiye da gonar.

Kafin la'asar Sajan ya aiko a kira shi. Suka tsallaka rafi shi da Dinah. Sajan yana zaune, rediyo a cinya yana ta shuu, don tunda aka liƙe maɓallin ba ya kama komai sai Aaron. Aka gaisa, aka tambayi aiki da gajiya da ruwa. Sannan tsohon ya ce ya saurari sanarwar da kyau, kuma muryar ta fito fes, ya yaba da aikin. Ya ce shekara talatin ya yi a soja bai taɓa ganin kurtun da ya ba kansa hutu ba. Mutum yana iya yafe abin da yake bi, ba ya iya yafe abin da ake bin sa. Saboda haka Istifanus ya fita daga golmo, tunda uban yarinya ya yafe masa da bakinsa a gaban jama'a. Shi kuwa Aaron, sai Sajan ya ɗaga masa yatsa.

Dinah ta gyara ɗankwali.

"Baba, ka ce uban yarinya ne ya yafe."

"Haka na ce."

"To in uban yarinya ne, kujera tasa ce. In kuwa saurayi ne, yafewarsa ba ta ci ba, sai yaran su koma gona. Wanne ne a ciki?"

Sajan ya daɗe yana kallon 'yarsa. Ya ce da mace ce ke riƙe da bataliyarsu da ba su sha wahala ba. Ya kira a kawo masa kujerarsa ta katako, wadda babu mai zama a kai sai shi. Ya ce Dinah ta yi gaskiya, kujera ta Aaron ce, ba ya jayayya. Sannan ya sa aka ɗauke ta aka kai can ƙarshen gonarsa, bayan inda kunya ta ƙarshe za ta tsaya, aka ajiye. Ya ce ga ta can, ya je ya ɗauka, amma ta cikin gona ake bi, kuma da garma.

Ba a yin golmo mutum ɗaya, sai da sa'o'i. Da yamma Aaron ya buɗe tasha ba hankici, ba toshe hanci, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya roƙi duk wanda suka yi samartaka tare ya fito ranar Litinin. Mutanen unguwa sun ce ba su ji wani bambanci a muryar ba.

Waɗanda suka fito sun isa kallo. Akwai tsofaffin abokan golmonsa uku, ɗaya da sanda, ɗaya da ƙwalbar man zafi a aljihu. Akwai Cyprian cikin takalmin ruwa sabo, wanda rabonsa da garma tun yana yaro a garinsu. Akwai Mode, makiyayin da tashar ta taɓa nemo masa maraƙi, wanda ya ce shi noma ba gadonsa ba ne, amma zai kawo bijimai biyu a gama kafin azahar. Sajan ya ce golmo da hannu ake yi. Mode ya nemi inuwa ya zauna, ya ce to zai taya da ido.

Sajan ya ƙara sharaɗi ɗaya. Tunda ƙafarsa ba ta kai shi cikin gona, a ba shi gwangwanin. Aka kafa masa gora a jikin mangwaro, aka rataye rediyo a tsakiyar gona, ya riƙe makirufo ya fara ba da umarni kamar a filin fareti. A sunkuya. A ɗaga. A kife. Mai jar hula ya daina kallon sama. Da yake yana damƙe gwangwanin da hannu biyu in ya yi zafi, tashar takan gudu, muryar ta ɓace, manoma su miƙe su dafe ƙugu har a nemo ta. Ba a daɗe ba Cyprian ya ɗauki aikin nemo tasha, kuma aka lura kullum nemanta yana ƙara ɗaukar lokaci.

Istifanus da abokansa suka zo suka zauna a kan iyakar gona suna ɓare gyaɗa, suna ba da shawara kan yadda ake riƙe garma. Ba wanda zai ce musu komai, an yafe musu a rediyo.

Mako ya zagayo ba a ci sulusin gonar ba. Mai sanda ya janye, mai man zafi ya ƙarar da mansa. Kujera tana can nesa, har wata kaza ta fara kwana a ƙarƙashinta. Praise ce ta duba yadda aikin ke tafiya, ta lissafa, ta samu Istifanus a garejinsa ta gaya masa cewa ba a zaman maganar aure sai babanta ya kai ga kujerar nan, kuma a wannan tafiyar zai kai ne bayan ta yi ritaya.

Washegari da sassafe samarin suka shiga gonar da garemaninsu, suka fara daga ɗaya gefen. Aka je aka gaya wa Sajan. Ya juya kujerar da yake kai ta fuskanci bango, ya ce tun bara idonsa ba ya ganin nesa, ya ci gaba da ba da umarni a makirufo. Da aka zo kunya ta ƙarshe samarin suka ja da baya. Aaron ya huɗe ta shi kaɗai, daga farko har ƙarshe, yana nishin da aka ji a tsallaken rafi. Ya kore kazar, ya zauna a kujerar, sannan ya gano ba zai iya tashi ba. A cikinta aka ɗauke shi zuwa gida, Mode yana gaba yana buɗe hanya da sandarsa.

A kanta ya zauna ranar da iyayen Istifanus suka zo daga Danko. Sajan ya zauna a gefensa a kan kujerar roba mai hannu. Aaron ya yi jawabin da ya daɗe yana shiryawa, ya ba da 'yarsa, kuma duk da cewa a cikin ɗaki aka yi zaman, ƙofa a rufe, unguwa gaba ɗaya ta ji.

Gonarsa kuwa ciyawa ta cinye rabin da aka bari, bana a kasuwa yake sayen dawa. Sajan bai mayar da gwangwanin ba. Kullum da yamma yana ba da labarin yaƙi a tashar, kuma ya fi Aaron masu sauraro, ko da yake yakan manta ya kashe in ya gama, a ji shi yana faɗa da kaji. Aaron yana haɗa sabuwa a cikin gwangwanin madara, ya ce wannan za ta kai har Ribah. Dinah ta ce ita ba za ta je gwaji ba.

Da ruwan farko ya sauka bana, Aaron ya tsallaka rafi ya je gaisuwa kamar yadda ya saba. Ya tsuguna, Sajan ya amsa da fara'a, hannunsa ya tashi da kansa, yatsa ɗaya a miƙe. Tsohon ya dubi yatsan na ɗan lokaci, sannan ya sosa kunne da shi.